Lalle a Hannun Dakta Grant

Karo na huɗu ke nan Nendirmwa tana matse lemon tsami a bayan hannunta. Ta dirje da soso har fatar ta fara zafi, ta tara a famfo, ta ɗaga ta duba a hasken fitilar madubi. Zanen lallen yana nan daram. Baƙi wuluk, daga farce har wuyan hannu, ganye-ganye da ɗigo-ɗigo, kamar yanzu aka gama shi.

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Litinin. Ƙarfe tara za a kira ta gaban kyamara.

Lourdes, mai yi wa 'yan wasa kwalliya, ta kama hannun ta juya shi, ta shafa hoda mai kauri ta jira ta bushe. Baƙin ya ɓullo ta ƙasa. Ta ƙara shafi na biyu, hannun ya koma kamar na gunkin kanti.

"Daga nesa zai wuce," in ji ta. "Amma yau kusa za su ɗauka, har gashin fata ana gani. Wane irin fenti ne wannan?"

"Ba fenti ba ne."

"Yaushe zai fita?"

"Sati uku."

Lourdes ta ajiye burushinta.

Shekara bakwai ke nan da Nendirmwa ta baro Jos ta sauka New York da sunan tallan kaya. Tsayi gare ta da dogon wuya, mujallu suka yi rububinta. Sun naɗa mata fatar damisa, sun zana mata farar ƙasa a fuska, sun tsayar da ita ba takalmi a kan yashin da aka zubo daga buhu. Da ta doshi talatin waya ta daina ƙara, sai ta koma fim. Fim uku ta fito: a ɗaya tana ɗauke da tulu, a ɗaya tana gudu da goyo, a na ukun gawa ce. Ta kwashe shekara biyu tana zuwa wurin wata tsohuwa a Brooklyn tana lanƙwasa harshenta har ya zama na 'yar Baltimore. Sannan, a wannan Oktoba ta 1994, aka ba ta Dakta Grant a wani shirin asibiti da ake nunawa duk Talata. Likita ce kawai, mai farar riga da sunanta a ƙirji. Gwajin kashi uku aka ba ta. Yau ne fitowar ƙarshe a kashi na uku, kuma da ita za a yanke ko Dakta Grant za ta zauna a shirin ko za a sallame ta.

Ran Juma'a aka ɗauki rabin fitowar daga nesa: tsoho yana gargarar mutuwa, Dakta Grant ta cire safar hannu ta jefar, ta riƙe hannunsa da nata tsirara. Yau saura a ɗauki hannayen daga kusa a haɗa. Matar da ke kula da kada hoton jiya ya saɓa da na yau tana da hoton hannun Juma'a manne a littafinta, fes, ko zobe babu.

Nendirmwa ta fita baranda, ta jefa kwabo a wayar bango, ta buga lambar shagon kitso da ke unguwar University Heights a Bronx.

"Allo?"

"Tanti Zeinabou, ni ce."

"'Yar Jos! Kin tashi lahiya? Ina gajiyar biki?"

"Bai fita ba."

"Mi?"

"Lallen. Kin ce ja ne, kin ce da lemon tsami zai tafi. Na ƙarar da lemo goma sha biyu."

Zeinabou ta kwashe da dariya, tana faɗa wa wasu a shagon. "Ku ji min! To shi ya kama ke nan. Hadiza ta sa mishi gishirin lalle, ai hannunta ba ya kuskure. Ke kika fi amarya kyau, kowa ya faɗi."

"Na gaya miki ina da aiki ran Litinin. Sau nawa na faɗa?"

"To aikin da hannu kike yi? Ba magana kike yi cikin telebijin ba?"

"Likita nake fitowa, Tanti!"

"Likita ba ta zuwa biki? Bon, ki sa safa."

"Ba zai yiwu ba. An riga an ɗauka ba safa."

"Su sake ɗauka mana. Kyamarar ta ƙare ne?"

Nendirmwa ta ɗaga murya. "Mutum tamanin ne a wurin nan. Ba shagon kitso ba ne da za a ce wa mutum ya dawo gobe."

Dariyar ta tsaya. "A'aha. Yau kuma shagon kitso ya zama abin zagi? Nan bayan shagon kika kwana wata takwas, lokacin da ba ki san hanyar jirgin ƙasa ba. Amarya Firdaoussi kamar ƙanwarki ce. Ki zauna cikin mata da farin hannu kamar baƙuwar da ta zo kallo? Wa ya ɗaure ki? Ke kika miƙo hannun, ɗiyata. Biyu kika miƙo."

Nendirmwa ta kife wayar.

Abin da ya fi cin ranta shi ne gaskiyar maganar. A Jos ta girma, ta san ko jan lalle ba ya jin lemon tsami. Ran Asabar ɗin bikin, a falon nan mai zafi da ƙamshin turaren wuta, mata ashirin suna guɗa, wata ta ja hannunta ta ɗora a cinya, ita kuma ta bari. Ta sani sarai, ta bari.

Ƙarfe takwas da rabi aka kira ta ofishin Gail Pasternak, shugabar shirin. Labari ya riga ta isa. Gail tana tsaye da kofi a hannu, darakta yana zaune a gefen tebur ya haɗe rai.

"Mu gani," in ji Gail.

Nendirmwa ta miƙa hannayen. Ta shirya wa faɗa, ta ma shirya wa kora. Gail ta ajiye kofin, ta sa tabarau, ta sunkuya ta daɗe tana kallo.

"Kai, wannan abu da kyau yake! Me yake nufi? Addu'a ce? Kariya?"

"Biki aka yi."

"Na ƙabilarku ne?"

"Na ƙawata ne. A Bronx."

Gail ba ta ji ba. Ta juya wurin darakta, idonta yana ƙyalli. "Ka san me muka rasa a Grant? Ba ta da asali. Likita ce kamar kowace likita. To ga shi an kawo mana har gida. Mu sake ɗaukar fitowar gaba ɗaya. Ta cire safa, tsohon ya ga zanen, ya tambaya. Sai ta gaya masa gaskiya: ba a Baltimore aka haife ta ba, a wani ƙauye ne a Afirka, kakarta mai magani ce. Duk lokacin da kimiyya ta gaza, sai ta koma ga abin da kakarta ta koya mata. A sa ɗan kiɗan ganga a ƙasa." Ta juyo. "Kuma ki dawo da harshenki na da, ya fi daɗi. Kwantiragin shekara guda cur, kashi ashirin da biyu. Yau zan kira wakilinki."

Darakta ya fara gyaɗa kai.

Nendirmwa ta tuna kakar tata. Kakarta malamar makarantar Lahadi ce a Pankshin, ta mutu ba ta yarda ko da laya ta shiga gidanta ba. Ta janye hannayenta.

"Dakta Grant 'yar Baltimore ce. Haka aka rubuta, haka na yi gwaji, haka kuka ɗauke ni."

"Rubutu ana sake shi kullum."

"A kawo wata ta ba da hannu. Ana yi wa kowa. Fuskata kun riga kun ɗauka ran Juma'a, hannu kawai ya rage."

"Kin ji abin da na ce kuwa? Shekara guda na ce."

"Na ji."

Gail ta cire tabarau. Muryarta ta sauka, ta yi laushi, irin laushin da Nendirmwa ta sani tun zamanin mujallu. "In haka kike so, za a yi. Amma Grant ɗin da ke rubuce, ban san ko tana da abin da zai riƙe ta ba. Sai mun zauna mun duba. Ba na yi miki alkawarin komai."

"Ban nema ba."

"Minti ashirin gare ku," in ji darakta. "Fitilu suna cin wuta."

'Yan cike gurbi suna zaune a wani dogon ɗaki kusa da wurin ajiye kaya, su wajen talatin, sanye da kayan nas da na majinyata, suna jiran a ce su wuce ta bayan kyamara. Baƙaƙen mata biyar ne a cikinsu. Mataimakin darakta ya sa suka tashi suka jeru, suka miƙo hannu. Nendirmwa ta bi layin da hoton Juma'a tana gwadawa. Wannan ta yi haske. Wannan yatsunta gajeru. Wannan ta sa farcen kanti. Ba ta kalli fuskar kowa ba sai da ta zo kan ta huɗu: dogayen yatsu, farce a yanke, fata kalar tata, sai dai ta ɗan bushe.

"Wannan."

Sunanta Damata. Lourdes ta shafa mata mai, ta gyara farcen, aka sa mata farar rigar Dakta Grant. Rigar ta yi mata yawa a kafaɗa, aka kama da fil ta baya tunda ba za a gani ba. Aka zaunar da ita a bakin gadon, aka sauko da kyamara har ta kusa taɓa zanin. Tsohon da ke wasan mai mutuwa ya ajiye jaridarsa ya kwanta.

Aka tsayar da Nendirmwa a bayan Damata, dab da kunnenta, inda za ta faɗi maganarta ba tare da ta shiga hoto ba. Ta tsaya da 'yar shimi, hannayenta a baya. A ƙaramin allon da ke gefe tana ganin abin da ƙasar nan za ta gani ran Talata: hannun wata mata a kan hannun tsoho. Hannun yana karkarwa.

"Hannun yana rawa," in ji mai kyamara. "A gaya mata ta nutsu."

Damata ta ɗan waiwayo. Idonta ya sauka a kan wuyan hannun Nendirmwa, inda zanen ya leƙo. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, da Hausar zangon Kumasi.

"Sista, wa ya yi miki lallen nan? Ya kama da kyau."

Nendirmwa ta dube ta. Ba ta yi zaton jin Hausa a ɗakin nan ba, kuma ba ta ji daɗin jin ta ba.

"Kin taɓa riƙe mai mutuwa?"

"Aikina ke nan. Tsofaffi nake jinya a Staten Island, yau ne hutuna."

"To me kike wa rawa? Riƙe shi yadda kike riƙe su."

Damata ta juya. Ta zura yatsunta a ƙarƙashin tafin tsohon, ta ɗora babban yatsa a kan jijiyar wuyan hannunsa, abin da Nendirmwa ba ta taɓa tunanin yi ba ran Juma'a. Rawar ta tsaya.

Aka yi kiran shiru. Gail tana tsaye can baya cikin duhu, ta harɗe hannu a ƙirji. Nendirmwa ba ta kalle ta ba. Ta sunkuya kusa da makirfon, ta jira alamar darakta, sannan ta buɗe baki da harshen 'yar Baltimore.