Motar Yaran Tsallake

Tun da na ga an tura maganar motar makaranta ƙarshen taro, lokacin da rabin iyaye suka riga suka tafi ɗora girki, na san da wata a ƙasa.

Makarantar ɗana Tavon da kuɗin jihar Ohio take tafiya, amma kwamitin mutum bakwai ne ke juya ta. Bana za a duba lasisinta, ga sakamakon jarrabawa ya faɗi. Shugaban kwamitin, Mista Whitcomb, ya miƙe a ɗakin cin abincin yara inda muke zaune, ya ce motar da ke ɗauko yaran tsallaken kogi ta cika cin kuɗi, gara a soke ta a ɗauki malamin lissafi. Bai faɗi ko su waye yaran ba, ai ba sai ya faɗa ba. Mu ne 'yan tsallake. Yaranmu ke cin abincin rana kyauta, su ake gani suna jan maki ƙasa. Ba wanda za a kora, za a dai bar mu mu kori kanmu. Ni da asuba nake shiga aiki gidan kula da tsofaffi, kuma ba ni da mota. In aka soke ta, Tavon ya bar makarantar da ya fara karatu ba kuka.

Na yi magana cikin haushi a ɗan lokacin da ake ba iyaye. Aka gode mini kamar na miƙa musu gishiri.

Uku daga cikin 'yan kwamitin sun ajiye aiki tuntuni, saura huɗu. Biyu na bayan Whitcomb. Ta huɗu Madam Geraldine Pruitt ce, wakiliyar iyaye, tsohuwa mai riƙon jika, wadda aikinta kawo kek da gyaɗa kai. Ban taɓa jin ta ce a'a ba, don haka ko kallonta ban yi ba.

Ana shirin ɗaga hannu ta tambayi mutum nawa ake bukata kafin ƙuri'a ta halatta. Whitcomb ya ce huɗu.

"In na zauna na ce ban yarda ba fa?"

"Sai a rubuta uku da ɗaya, Geraldine."

"Wato zamana kuke so, ba bakina ba."

Ta rataya jaka, ta dogara sanda, ta kama hanyar ƙofa a hankali. Na bi ta da ido, ina fatan kada ta juyo. Tana fita sakatariyar makaranta ta ce taro ya mutu, tunda huɗu ba su cika ba.

Na same ta a baranda ta jingina da bango. Whitcomb ya biyo mu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mutumin ba mugu ba ne, tsoro yake ji kamar ni. Ya ce mata in maki bai tashi ba jiha za ta ƙwace lasisi, a rufe wa kowa makarantar, har da jikarta. Ya kuma tuna mata cewa duk wanda ya ƙaurace wa taro uku a jere ya rasa kujerarsa.

Ta ce ta sani. Ta ce ai taron sau ɗaya ne a wata, kafin su cire ta an yi hutun ƙarshen shekara.

Na ce, "Bayan nan fa, Mama?"

"Ban sani ba, 'yar nan. Wataƙila ma shi ke da gaskiya. Kama ni, ƙafata ta ƙi."

Da safe motar ta zo, Tavon ya haye yana cin burodi, ko waige. Na tsaya har ta sha kwana, ina murna, ina kuma tunanin ko bayan hutu za ta sami makarantar da za ta kai shi.