Ranar da Hajiya Kubura Ta Ƙi Tashi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mun gyara zama.

To, Hajiya Kubura ce ta taso daga Kano ganin 'ya'yanta biyu a Ingila. Rabe, ɗan farinta, likita ne a Birmingham, gidansa na unguwar Erdington. Habu injiniya yana Gorton ta Manchester. Kowannensu so yake a ce a gidansa uwa ta fi daɗewa, sai suka mai da ita 'yar jirgin ƙasa, yau nan, jibi can, ƙafafu duk sun kumbura. Ita kuwa abu ɗaya take so kafin ta koma: ta ga jikokinta duka a falo ɗaya ranar Sallah. Amma kunya ta hana ta faɗa, kada a ce ta zaɓi gidan wani.

Ana jajibirin Sallah tana Gorton, an riga an ɗaure mata jaka, Rabe na jiran ta da yamma. Sai ga Na'ima 'yar Habu da lemon zaƙi a hannu, wai aikin makaranta aka ba ta.

"Tsohuwa, zauna tsakiya. Ke ce rana."

"Ni ce wa? Ke dai ƙawata ba kya rabo da shirme."

Na'ima ta ja mata kujera tsakiyar falo, ta shiga zagaya ta tana murza lemon. "Wannan ce duniya. Ita ke yawo, rana ba ta bin ta."

Hajiya ta riƙe baki. "Ranar da nake gani da idona tana fitowa ta gabas? Da ita na shanya kuɓewa tun ba a haifi ubanki ba!"

"Ai malaman da ma haka suka ɗauka," in ji yarinyar da Hausarta mai targaɗe. Ta ce da can duniya suka sa a tsakiya, sai wani Kofanikas na ƙasar Folan ya ga lissafin ya fi zama daidai in rana ce a tsakiya. Daga baya wani masani Galileyo ya leƙa madubin hangen nesa, ya ga tauraruwa Zara tana cika tana raguwa kamar wata, alamar rana take zagayawa.

"Zara ma?" Hajiya ta ce. Ta bi lemon da kallo yana wucewa ta gabanta. "Tsakanin rana da duniya, wace ce babba?"

"Rana mana, nesa ba kusa ba."

"Af! To ai sai ki ce haka tun farko. Ina aka taɓa ganin babba ya tashi ya je gai da yaro? Wannan Kofanikas ɗin an yi masa tarbiyya."

Nan take ta ƙwala wa Habu kira. "Kwance jakar nan. Buga wa yayanka waya." Da yake ba ta faɗin sunan ɗan fari, da ta karɓi wayar sai ta ce, "Kai, babban, ka kwaso yara ku taho."

"Hajiya, an fa gyara miki ɗaki, ga shi ina on call a asibiti jibi, ko yaushe za a iya kira na."

"Jibi ka ce. Gobe fa? Duniya da girmanta tana zagaye, kai ne za ka kasa hawa mota?"

Habu ya juya baya yana dariya, har Rabe ya ji ta cikin waya ya ce, "Zan kama ka ne, Habu."

Washegari bayan idi sai ga su, mota cike da yara da kulolin waina. Jikoki suka yi layi suna durƙusawa, Hajiya na kan kujerarta tana ƙwalla tana dariya tana tsokanar kowa.

Rabe ya koma aikinsa a kan lokaci. Habu ya kwana a ƙasan falo, don an ba baƙi ɗakinsa. Na'ima ta kai aikinta makaranta da sabon lemo, domin na farkon Hajiya ta shanye. Ita kuwa Hajiya a Gorton ta ƙarasa hutunta, ƙafarta ta saɓe, ta koma Kano lafiya.