Saƙo Daga Bayan Shinge

"Ta wuce wurin! Kin ji ko? Ta wuce kamar mai saurin zuwa kasuwa!"

Gezani ya buga sandarsa a ƙasa har kaji suka watse. Mihloti ta gyara wayar da ta jingina da kofi a kan kujerar roba, ta ce, "Me kuma ta wuce, Tatana? Ni ban ga komai ba sai ciyawa."

"Kurege, N'wa-Risenga. Kurege na ta zage-zage a hagunta. Kurege ba ya ɓata bakinsa a banza."

A duk ƙauyen shi kaɗai ya rage mai kiranta da sunan mahaifinta, ita kuma tana ce masa Tatana, wato Baba. Katangar kara ce tsakanin gidajensu, shekara talatin da wani abu, kuma tun da matarsa ta rasu tuwon masarar da yake ci daga tukunyar Mihloti yake fitowa. Kullum da ƙarfe uku da rabi na yamma takan tsallako da wayarta, su zauna a inuwar danya, ta kunna shirin da ake watsawa kai tsaye daga gandun namun dajin da ke jingine da babban dajin Kruger. Daga inda suke zaune ana hango shingen dajin, wayar lantarki tana ƙyalli a rana. Mutanen ƙasashen duniya na kallon abin da ke bayan shingen nan a ɗakunansu, su ma maƙwabtan shingen ta waya suke kallo.

Idon Gezani ya yi hazo, don haka aikin ya rabu biyu: ita ta gani ta faɗa, shi ya ji ya fassara. Shekara talatin da huɗu ya yi a kan 'yar kujerar nan da ke hancin motar baƙi masu yawon buɗe ido, yana bin sawun namun daji. Ita kuwa shekara goma sha tara ta yi tana wanke zannuwan gadon baƙin, ba ta taɓa ganin damisa da idonta ba. Abin da ta sani na dajin shi ne kurar da ta taɓa kutsowa ta ƙarƙashin shinge ta cinye mata akuya biyu.

A cikin wayar, wata budurwa mai hular malfa tana tuƙi da hannu ɗaya, tana waiwayowa tana bayani da Turanci. Khanyisa ce, 'yar Gezani tilo.

"Me take cewa?"

"Wai yau kwana tara ke nan ba a ga tsohuwar damisar nan mai tsagaggen kunne ba. Masu kallo sun dame su da tambaya. Wata mata daga can ƙasar sanyi ta ce har kuka ta yi."

"Kuka!" Gezani ya yi tsaki. "Damisa ta shiga ɗakin haihuwa, su suna shirin zaman makoki."

Ya so ya ƙara, tari ya sarƙe shi. Mihloti ta miƙa masa ruwa, idonta a kan ƙafafunsa. Sun kumbura har takalmin taya ba ya shiga. Sati biyu da suka wuce ta raka shi asibiti a garin Acornhoek, likita ya ja ta gefe ya ce zuciyar tsohon ta gaji, a kai shi gida a lallaɓa shi. A cikin motar haya, tun kafin su iso, Gezani ya kama hannunta ya ce, "Kada yarinyar nan ta ji. Saura sati uku ta fito hutu. A bar ta ta yi aikinta." Ta yi masa alkawari, tun daga ranar kuma abincinta bai sake yi mata daɗi ba.

Abin da ke tsakanin uba da 'yar ba faɗa ba ne, shi ya sa ya ƙi ƙarewa. Shekara biyar baya Khanyisa ta bar makarantar jinya ta tafi koyon aikin daji. Gezani ya ce shi bai yi shekaru yana shan ƙura a hancin mota don 'yarsa ta gaje shi ba, kuma daji ba wurin mace ba ne. Ranar da aka ba ta takardar shaida ya tafi ɗaurin awaki. Tun daga nan, in ta zo hutu sai ta gaishe shi ta durƙusa, ta dafa masa miyar lalo da gyaɗa, su yi hirar ruwan sama da tsadar masara. Daji dai babu mai ambata. Ba ta san yana sauraronta ba, domin wannan ma ya sa Mihloti ta yi alkawari a kai.

"To kai da ka sani, tana ina?" in ji Mihloti.

"Inda uwarta ta haife ta. Ina za ta je?" Ya jingina da jikin danya, numfashinsa na fita da ƙyar. "Akwai busasshiyar ƙorama arewa da mashigar ɓauna. In ka bi yashi ka wuce suri biyu, za ka ga kanya ta faɗi a kan duwatsu. A ƙarƙashinta akwai tsaga. Ni na fara ganin ta a nan, shekara goma sha biyu ke nan, ba ta fi tafin hannuna ba. Yaran yanzu titi suke bi, su jira rediyo ta gaya musu."

Mihloti ta ɗauki wayar kamar za ta goge ƙura. A ƙasan hoton akwai wurin da masu kallo ke rubuta tambaya, ta sha ganin sunaye na wucewa. Da yatsa ɗaya, da Turancinta na ɗakin wanki, ta rubuta ƙorama da suri biyu da kanya. A ƙarshe ta sa: daga Gezani Mabunda, ƙauyen bayan shinge. Ta dubi tsohon, ta dubi ƙafafunsa, ta danna.

"Me kike taɓe-taɓe? Na daina jin mota."

"Ga ta nan, ga ta nan. Ƙara nake ƙara maka."

Minti goma suka wuce. Khanyisa ta tsaya ta nuna raƙuman dawa uku, ta amsa tambayar wani yaro daga Indiya a kan ko giwa na yin atishawa. Mihloti har ta fara jin sanyi a ranta cewa saƙon ya ɓace cikin ɗaruruwa. Sai ta ga yarinyar ta kai hannu ga ɗan abin da ke kunnenta, inda ake karanto mata tambayoyi. Motar ta tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Sake faɗa mini sunan," in ji Khanyisa da Turanci.

Shiru ya yi tsawo har Gezani ya ce, "Wayar ta mutu ne?"

Khanyisa ta cire hularta ta ɗora a cinya. Ta dubi na'urar ɗaukar hoto sosai, ta ce da yaren gida, a gaban duniya, "Tatana, na ji. Suri biyu, sannan kanya."

Gezani ya ɗago a hankali. "N'wa-Risenga. Me kika yi?"

"Abin da ka ji."

"Ke dai ba a ba ki ajiya! Mace mai baki kamar ƙofar coci!"

"Zage ni da kyau. In ka gama ka yi shiru mu ji, ga ta can ta juya mota."

Bai gama ba, amma ya yi shiru. Ya matso da kunnensa har yana neman taɓa wayar. Suka ji ƙarar tayoyi ta sauya daga tsakuwa zuwa yashi.

"Ta shiga ƙoramar," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ta rage gudu mana... yauwa. Me kike gani?"

"Ta sauka. Ta tsuguna tana duba ƙasa. Tana zagaye wani abu da tsinke."

"Ta ina rana take?"

"Tana gabanta."

"Ta sa sawun tsakaninta da rana." Ya gyaɗa kai. "Wa ya koya mata wannan?"

"Ina zan sani? Wataƙila akuya."

Khanyisa ta koma mota tana magana da raɗa. Suri na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Hoton ya yi rawa, ya daidaita, ya matso da wata kanya da ta kwanta a kan baƙaƙen duwatsu. Da fari Mihloti ba ta ga komai ba sai inuwa da ɗigo-ɗigon haske. Sai ɗaya daga cikin inuwoyin ta kaɗa wutsiya.

"Wayyo Allah! Tatana, ga ta! Tana kwance a kan dutse, ga kunnen a tsage!"

"Cikinta fa? Dubi cikinta."

"Ya saki. Gashin wajen nonon a jiƙe yake, ya kwanta."

"Tana shayarwa." Ya sauke dogon numfashi. "Kada ta matsa. Ta tsaya nan."

Kamar ta ji shi, Khanyisa ta kashe mota daga nesa. Ta gaya wa masu kallo cewa ba za su ƙara ko taku ɗaya ba, kuma za a rufe wannan hanya har 'ya'yan su yi ƙwari. Sannan ta ce mutumin da ya aiko da saƙon shi ya fara ganin damisar nan tana jinjira, kuma babu mai bin sawu kamarsa a duk yankin. Mihloti ta fassara masa kalma-kalma. Gezani ya juya fuskarsa wajen katanga yana neman wani abu a aljihun da babu komai.

Rana na gab da faɗuwa wayar ta yi ƙara. Mihloti ta tsallaka gidanta kafin ta ɗauka. Khanyisa ce, wadda ke ce mata Mhani, wato Inna.

"Mhani Mihloti, tun yaushe yake kallo?"

"Tun ranar da kika fara. Ko ruwa ake yi sai na kai masa waya ɗaki."

Ta ji yarinyar na jan hanci. Sai Mihloti ta rufe ido ta karya ɗaya alkawarin ma, na ciwonsa. "Khanyisa, ki nemi izini ki taho. Kada ki jira hutu."

Da hantsi washegari motar ma'aikata ta sauke Khanyisa a bakin hanya, da kakinta a jiki. Mihloti na shanya ta hango ta ta durƙusa a gaban uban. Ta ji ya ce, "Kin rame." Can kuma ta ji ya ce, "Sawun nan da kika zagaye jiya, na yaushe ne?"

"Na asuba. Ƙwaro ya bi ta kansa, amma iska ba ta taɓa gefensa ba."

"Ƙafar baya ta hau kan ta gaba, ko ta wuce ta?"

"Ta wuce. Sauri take yi ta koma wa 'ya'yan."

"Hm," in ji Gezani. "Zauna mana. Kin tsaya mini a ka kamar 'yar sanda."

Kwana uku suka yi a haka. Mihloti ta kawo abinci ta ajiye ta koma, domin hirar ba ta da wurin shiga. Ya gaya mata mashayar da ba ta ƙafewa ko a shekarar fari, da itacen da zakuna ke kaifafa farce a jikinsa, da ranar da giwa ta bi shi har ya bar takalmi ɗaya a daji. Ita kuma ta gaya masa abin da ya canza: zakunan da ya sani sun ƙare, wasu sun shigo daga gabas. Sau biyu suka yi musu har murya ta tashi. A na biyun Mihloti ta ji ya ce, "To, ke kika fi ni gani yanzu," ta kusa sakin kwanon da ke hannunta.

Ranar Alhamis da yamma ya ce shi zai je ya duba awakinsa da ƙafarsa, kada wanda ya riƙe shi. Suka tsaya suna kallo ya zagaya bayan ɗaki, ya daɗe, ya dawo yana haki. Ya ce wa Mihloti, "Ban yafe miki ba tukuna, N'wa-Risenga."

"Ka riƙe abinka. Gobe ma ina nan."

Ranar Juma'a da safe ya sha rabin kofin shayi, ya ce a buɗe taga. Khanyisa ta fita ɗebo ruwan wanka. Mihloti na zaune a bakin gado tana ba shi labarin rigimar da aka yi a famfo, sai ta lura ba ya tsaki a wuraren da ya saba. Ta kira sunansa sau biyu. Ta sa hannu ta rufe masa ido, ta gyara bargon, sannan ta fita ta tari yarinyar a ƙofa ta karɓi bokitin daga hannunta.

Kafin azahar motar masu kula da gawa ta zo ta tafi. Matan coci suka aiko cewa suna tafe da la'asar, maza kuma za su kawo rumfa. Khanyisa ta ɗauki tsintsiya ta hau share tsakar gida. Mihloti na jera kujeru, sai ta ji shara ta tsaya a bayan ɗaki. Ta leƙa.

Yarinyar na tsugune a 'yar hanyar da ta nufi garken awaki, inda ƙasa ke da laushi. Sawun ƙafa ne babu takalmi, manya, da ɗan ramin sanda a gefen kowanne.

"Nan ya tsaya ya huta," in ji Khanyisa, tana nunawa ba tare da ta taɓa ba. "Kin ga ya dafa bango. Nan kuma ya juya yana kallon wajen daji. Ya daɗe a tsaye."

Iska ta fara kaɗa ganyen danya. Mihloti ta koma gidanta ta ɗauko babban bahon wankinta, ta miƙa mata. Khanyisa ta kife shi a kan sawun a hankali, ta ɗora dutse. Sannan ta ɗauki tsintsiya ta ci gaba da shara, tana zagaye bahon.