Kujerar Inna

Yahuza mai walda ya ƙera mota a garejin gidansa da ke Wudil, kuma tun ranar da ya fara bai taɓa shakkar za ta tashi ba. Injin wani tsohon keke mai ƙafa uku ya samo, ya lanƙwasa bututun ƙarfe ya yi mata ƙashi, ya bugo kwano ya rufa mata jiki. In an kawo wuta ya yi walda, in an ɗauke ya koma ɗaure noti. Maƙwabta kan leƙo su tsokane shi, wai kurar ruwa ce ya yi wa rufi. Shi dai murmushi yake yi, ya ce su dawo ranar tashi.

Ba don burgewa ya yi ta ba. Ciwon gwiwa ya hana mahaifiyarsa, Inna Jummai, hawa babur, motar haya kuma a bakin titi take sauke mutum. Ga yayarta Indo kwance a wani ƙauye can cikin Lajawa, kullum saƙonta ɗaya ne, tana son ganin Jummai. Shi ya sa ya yi motar 'yar siririya don ta bi hanyar gona, ya sassauto da ƙofarta yadda tsohuwa za ta shiga ba sai an ɗaga ta ba. Kujeru biyu ya sa a jere, ya yi wa ta Inna shimfiɗa mai laushi.

Ranar da aka gama, yana murɗa makulli motar ta tashi. Inna ta fito da mayafinta da ƙullin goron yayarta. Ta leƙa ciki, sai ta ce gwiwar ta motsa yau, a bari tukuna. Ta koma ɗaki.

Yahuza ya ɗauka tsoro ne. Washegari ya ɗora buhunan masara ya zagaya unguwa, ya zo ya taka birki a ƙofar gida don ta gani. Ya ɗauki liman ya kai shi kasuwa, ya dawo da shi lafiya. Inna ta sa albarka, amma ba ta sake ɗauko mayafi ba.

Matarsa Rahinatu ce ta same shi a gareji yana kwance birkin da babu abin da ya same shi.

"Injiniya, bar birkin nan ya huta," in ji ta. "Kai ne fa ɗan farinta. Matar da ko sunanka ba ta taɓa kamawa ba, ita za ka zaunar kafaɗa da kafaɗa da kai, ku ratsa gari ana kallo?"

Ya ajiye sufana. Ya auna tsayin ƙofa, ya auna faɗin hanya, amma kunyar Inna ba ta zo masa a rai ba.

Bai je lallashinta ba. Injin yanka ya ɗauko, ya raba motar gida biyu daga bayan kujerarsa. Maƙwabta suka tambaya ko ta mutu ne, ya ce a'a, tsawo ne bai ishe ta ba. Ya ƙara ƙarfe, ya mai da kujerar Inna baya, ya faɗaɗa ta yadda za ta ɗauki mutum biyu. Madubin ciki ma ya cire shi, ya bar na gefe.

Da aka sake fito da ita, Inna ta leƙa kamar wancan karon. Sai ta miƙa wa Rahinatu goron, ta yi bisimilla, ta shiga. Rahinatu ta zauna kusa da ita.

Sun wuce gonakin dawa, rufin gidan Indo ya fara bayyana, Inna ta gyara mayafi, ta dubi surukarta.

"Ki gaya wa mai motar nan hannunsa yana da kyau. Ko girgiza ban ji ba."

Yahuza bai ɗauke ido daga hanya ba.

"Rahinatu, ki ce mata an gode."