'Yar Laraba Za Ta Ingila

Tun da gari ya waye Zinariya ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta leƙa bakin ƙofa, ta dawo ta gyara kujeru, ta sake leƙawa, kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Dabo, dattijon da ke kai wa baƙi abinci a gidan hutun, har ya gaji da tambayarta ko a kawo. Ta ce a dakata, can ta ce a kawo, yana juyawa ta ce a'a, bari dai su iso.

Gidan hutun sabo ne fil, can bayan garin Daura, irin gine-ginen da suka yi ta tsirowa a shekarun da kuɗin mai suka mai da kowa ɗan kwangila. Fanka a kowane ɗaki, injin wuta na ruri ta baya, ga wasu furanni da ba su san ƙasar ba, ana ta ɗura musu ruwa suna ta yaushi. Nan ita da mijinta Kalilu suka sauka da suka zo hutu daga Kaduna, inda take aikin jinya. Nan kuma ake yin wani abinci da hantsi, shi ba karin kumallo ba, shi ba na rana ba, wanda aka ƙirƙiro don manyan ma'aikatan da rana ke tasa daga barci.

Jibi Zinariya za ta hau jirgi a Kano zuwa Ingila, karatun ungozoma na shekara biyu. Ta yi sallama da kowa, an sa mata albarka har ta ishe ta guzuri. Abu ɗaya ya tsaya mata a rai: ba ta son barin ƙasar nan ba tare da ta ci abinci da uwar da ta haife ta ba, ko da loma ɗaya ce.

Wanda bai san gidansu ba zai ce wannan ai ba abin tada hankali ba ne. To, Zinariya 'yar fari ce. Ana yaye ta aka miƙa ta ga Laraba, yayar uwarta, ita ta goya ta, ita take kira Iya. Uwar kuwa, Maiturare ta garin Babban Mutum, mace ce da ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, ba ta taɓa kallonta ido cikin ido ba, balle su sa hannu a kwano ɗaya. In dole ta kama, sai ta ce "'yar Laraba". Zinariya ta tashi tana kiranta Yaya, tana kallon ƙannenta na hawa cinyar da ita ba ta san ɗuminta ba. Tana ƙarama abin bai dame ta ba. Sai da ta girma tana karɓar haihuwa a asibiti, tana miƙa jarirai ga iyayensu, sannan ya fara cinta.

Shi ne ta ƙulla dabara. A lissafinta, idon mutanen gari ne ke hana Yaya sakewa. In aka kawo ta inda babu wanda ya san ta, ai sai ci. Makaranta ta koya wa Zinariya allura da awon ciki, amma ba ta koya mata uwarta ba.

Hantsi ya dubi ludayi sosai kafin motar Kalilu ta shigo da ƙura a bayanta. Ya buɗe wa Iya da Yaya ƙofa, ya durƙusa ya sake gaisuwar da ya riga ya yi a can gida, ya ce zai je a duba masa taya. Lafiyar tayar ƙalau. Shi dai ya san ba a zama teburi ɗaya da suruka.

Iya Laraba ce ta fara shigowa, tana ƙare wa rufin ɗakin kallo.

"Yo duk wannan filin na cin abinci ne? Ina tabarma?"

"Iya, a kujera ake zama."

"To, Allah Ya sa mu sauka lafiya."

Maiturare ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa, ta jera su a gefe. Zinariya ta durƙusa ta gaishe ta, uwar ta amsa wa bango. Kujerar da aka tanada mata kusa da 'yarta ta wuce, ta zauna a bakin wata can ƙarshen teburi, rabin jikinta a waje, kamar mai jiran a ce tashi.

Dabo ya fara jigila: soyayyen ƙwai, gasasshen burodi da bota, dankalin turawa, hanta da albasa, shayi a butar tangaran da madarar gwangwani. Iya ta dubi wuƙa da cokali mai yatsu, ta ture su gefe, ta nemi ruwan wanke hannu, ta yi bismilla. Ita ba ta da wanda take jin kunya a nan.

Zinariya ta zuba shayi, ta tura kofin gaban uwarta. Ta matsar da ƙwai. Ta matsar da hanta. Ta tashi ta rage gudun fanka, ta dawo, ta ga zafi ya taso, ta koma ta ƙara. Maiturare dai hannuwanta na cikin mayafi.

"Yaya, bismilla mana."

Maiturare ta juya wajen yayarta. "Laraba, ce mata na karya tun da safe."

"Wai ta karya," in ji Iya, bakinta cike da dankali.

"Ai na ji, Iya, ina zaune a nan."

"Tambaye ta," in ji Maiturare, "an ce can garin sanyi gare shi. Ta sami bargo?"

"Wai kin sami bargo?"

Nan ran Zinariya ya ɓaci. Shekara da shekaru tana amsa wa uwarta ta bakin wata, ga shi kuma jibi jirgi.

"Yaya, ga ni gabanki. Ni za ki tambaya. Shekara biyu zan yi, wa ya san gawar fari? Babu ɗan Babban Mutum ko ɗaya a ɗakin nan, don haka na kawo ki. Loma ɗaya na roƙa."

Iya ta aje burodin hannunta. "Ke! Ashe tun ba ki je Ingilar ba ta zo ta same ki? Uwar taki kike wa magana gatsal haka?"

Maiturare ta ɗaga kai tana kallon fanka. Zinariya ta gane ta yi ɓarna: ta ɗauko mace daga ɗakinta, ta ɗora ta kan kujera a tsakiyar fili, gaban wani namiji mai farar riga, ta ce ta yi abin da ko a ƙuryar ɗaki ba ta iya yi. Nadama ta kama ta, haushin kuma bai sake ta ba.

Iya ta dubi wannan, ta dubi waccan. Ta suɗe yatsunta, ta miƙe.

"Malam, ina bayan gidanku yake? An ce na nan zama ake yi a kai, bari in je in ga ikon Allah."

Dabo ya yi mata jagora. Ɗakin ya rage daga uwa sai 'ya, abin da Zinariya ba ta tuna ranar da ya taɓa faruwa ba. Ta jira. Injin wuta na ta ruri. Ta juya cokali cikin shayin da ya riga ya huce, ta gyara ɗankwali, ta sake jira. Can Maiturare ta yi magana, idonta a kan butar shayi.

"Mutum in yana baƙon wuri, ya riƙa cin abinci. Rama ba ta da kyau a ƙasar mutane."

Zinariya ta ɗauki burodi ta gatsa, ta kurɓi shayi. Kuka ya taso mata. Ta aje sauran a faranti, ta tashi da sauri ta fita, don kada ta ƙara wa matar nan wata kunyar a kan wadda ta riga ta ɗora mata.

A bakin famfon da ke bayan ɗakin ta yi kukanta mai isarta. Ta wanke fuska, ta ce wa ranta shi ke nan, a kira Kalilu ya mai da su gida, abin da babu shi babu shi. Ta dawo ta ƙofar da ake shigo da abinci, ta ɗaga labule kaɗan, sai ta tsaya cik.

Maiturare ta taso daga ƙarshen teburi. Tana tsaye daidai kujerar 'yarta, ta ba ƙofa baya. Ga ƙwai ba a taɓa ba, ga hanta, ga burodi cike da faranti, duk ta wuce su. Guntun nan da Zinariya ta gatsa ta ɗauka, ta juya shi daidai inda haƙora suka ci, ta kai baki. Tana taunawa a hankali. Sannan ta ɗauki kofin 'yarta da hannu biyu, ta sha sauran shayin mai sanyi.

Zinariya ta ji ƙafafunta na son kai ta ciki da gudu. Ta riƙe su. Ta san tana motsa labulen nan, burodin zai koma faranti, hannuwa su koma cikin mayafi.

Sai ga Iya ta ɓullo ta bayanta tana gyara zani, bakinta cike da labarin abin da ta gano. Zinariya ta damƙe hannunta.

"Iya, tsaya tukuna," ta ce ƙasa-ƙasa, ta saki labulen ya rufe. "Muna cin abinci ni da Yaya."