Abin da Ya Ci Garin

"Ajiye ƙwaryar nan, Furera," in ji Sale daga bakin zaure. "Wa ya aiko da ita?"

Na ce Fatsuma ce, matar Bilal. Nonon raƙumi ne, irin wanda take aiko wa Malam kullum.

"Kullum," ya ce, ya sunsuna ƙwaryar, ya yatsine fuska. "To ga shi kullum ɗin ta kwantar da shi. Kada ki ba shi."

Sale kawun mai garinmu ne, ba a musu da shi. Na rufe ƙwaryar da faifai, na ajiye ta gindin danga. Da ya juya baya ni ma na ɗaga faifan na sunsuna. Ƙamshin nono kawai na ji, amma a kwanakin nan kowa a garinmu yana sunsuna abin da aka miƙo masa.

Danga ɗaya ta raba gidana da na Malam Na Allah. Tun da matarsa ta rasu ni ke dama masa fura. Yana da gafaka cike da tsofaffin takardun ajami na labarin sarakunan da, kuma duk Juma'a bayan la'asar yakan zauna ƙofar mai gari ya karanta ɗaya. Mu mata muna saurare ta bayan zana. Idan ya gama sai ya naɗe takardar, ya faɗi magana guda wadda ta ɗaure labarin. Mai gari Sha'ibu yaro ne, bara aka naɗa shi bayan rasuwar ubansa, kuma da wannan magana guda yake auna shari'unsa na mako.

Juma'ar da ta wuce Malam ya karanta labarin wani sarki da ya sauki baƙi a garinsa, ya ba su fili da rijiya. Sarkin nan kuma yana da fadawa masu kawo masa abin da aka faɗa a kowace unguwa. Ba a jima ba garin ya watse. Malam ya naɗe takarda ya ce, "Abin da ya ci garin nan ba yunwa ba ce, ba mashi ba ne." Sai tari ya sarƙe shi. Da ƙyar ya fitar da sauran, muryar duk iska. Waɗansu suka ji "baki ne", waɗansu suka ji "baƙi ne". A kafaɗa aka kai shi gida.

Mu kuwa muna da baƙi. Bilal da iyalinsa Buzaye ne, sun gangaro daga arewa bayan girbi da 'yan raƙuman da mahara suka bar musu, suka kafa bukkokinsu a wajen kafi, shingen da ya kewaye gari. Malam ne ya tsaya musu. Da fatake daga Tasawa suka kawo labarin an sake ganin mahara, Bilal ya roƙi a bar su su shigo cikin kafi. Sale ya ce 'yan leƙen asiri ne. Ya ce Malam ya gane haka, shi ya sa suka saka masa wani abu a nono, amma sai da ya faɗa a gaban jama'a. Mai gari ya yanke cewa kafin kasuwa ta ci su kwashe su bar ƙasarsa.

Da hantsi, ana gobe kasuwa, mai gari ya shigo gidan Malam, Sale na biye. Na ja mayafi na koma kusurwa da muciya a hannu.

"Baba Malam, yaya ƙarfin jiki?"

"Sha'ibu," in ji Malam, kamar ana murza busasshen ganye. "Ka duƙa da kyau. Ubanka sau nawa ƙofar ga ta ture mashi rawani."

Mai gari ya yi ɗan murmushi, ya zauna bakin tabarma. Idanunsa sun yi zuru-zuru, da gani ba ya samun barci.

"Maganar ran Juma'a ta kawo ni. Ban ji ta sosai ba."

"Kowa ya ji ta, ranka shi daɗe," in ji Sale.

"Ni ban ji ba, Kawu."

Mai gari ya ce in sauko da gafakar. Ya yi karatun allo wurin Malam, saboda haka ya nemo takardar da kansa, ya bi ta da yatsa har ƙasa. Ya daɗe yana kallo.

"Harafi ɗaya marubucin ya sa," ya ce. "Da shi ake rubuta baki, da shi ake rubuta baƙi." Ya sunkuya. "Baba Malam, wanne ne? Gobe zan kori mutane da mata da 'ya'ya. In kuwa na bar su suka buɗe wa mahara ƙofa, ni za a tambaya. Wanne ne?"

Malam ya buɗe baki. Kalmar ta fito kamar yadda ta fito ran Juma'a, maƙogwaronsa ba shi da ƙarfin matse ta. Ya sake, haka dai. Sai ya ɗaga hannu a hankali, ya ɗora yatsa a kan leɓensa.

"Ruwa yake so," in ji Sale da sauri. "Furera, ba ki gani? Kawo mashi ruwa."

Na kawo ruwa a ludayi. Malam ya kau da kai. Yatsan na nan a kan leɓe, ya ɗan bubbuga shi, idonsa kuma ya bar mai gari ya tsaya a kan Sale.

"Ko cewa yake a yi shiru," in ji Sale. "Mara lafiya ne, an dame shi da surutu."

"To mu yi shirun, Kawu. Jira ni a zaure."

Sale ya tsaya kamar bai ji ba, sannan ya kaɗe riga ya fita. Mai gari ya dube ni. Tun da aka naɗa shi bai taɓa yi mini magana ba.

"Inna Furera, nonon da aka ce, akwai saura?"

Na ce akwai ƙwarya guda, ba a taɓa ba.

"Kawo."

"Ranka shi daɗe, in akwai wani abu ciki fa?"

"Ai sai mu gani."

Ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla. Ya sha sosai, ya goge gemu, ya zauna yana jira. Ni ma ina jira. Inuwar danga ta janye daga bakin ƙofa, kaji suka shigo suka fita. Babu abin da ya same shi sai gyatsa, wadda ta sa ƙirjin Malam ya motsa kamar mai dariya. Mai gari ya ɗiba a ludayi, ya tallafi kan Malam, ya jiƙa masa leɓe.

Malam ya cika bayan azahar, kansa a kan cinyar mai gari. Ƙasar maƙabarta ta yi tauri a ranin nan, an ce Bilal ne ya karɓi gatari ya fasa ta. Sale ya bi sallar gawa a sahun baya, bai kula kowa ba. Har yau akwai masu rantsuwa cewa "baƙi" suka ji.

Washegari ina sharar tsakar gidan Malam na ji gurnanin raƙumi a cikin gari. Na leƙa ta saman danga. Fatsuma ce tafe daga ƙofar kafi, sandunan bukka a ɗaure a kanta, 'yarta na riƙe da gefen zanenta. Ta tsaya a zauren Malam, ta yi sallama, ta yi mini gaisuwar rasuwa. Na ɗauko ƙwaryarta, na wanke, na miƙa mata. Ta kife ta a kan yarinyar saboda rana, suka wuce filin da mai gari ya ba su.