Malfar Kawu Shu'ibu

Wata Asabar ce cikin Agusta. An kwana ana yayyafi, kogi ya cika har yana lasar jingar da ta tare fadamarmu. Kawu Shu'ibu, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, ya ce in zo mu ƙara wa jingar ƙasa. Na ce ina da wasa.

"Wasa," in ji shi. "To, a gaida wasan."

Tun da na bar makaranta na ja A-daidaita-sahu, na sayar da bandar kifi, ban zauna a ko ɗaya ba. Abin da ya ɗan riƙe ni shi ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Malam Abdulmannan, tsohon malamin firamare. Shi ya ba mu labarin wani ɗan wasan barkwanci na ƙasar Italiya, wajen shekara ɗari biyar da suka wuce. Aikinsa kula da gonakin ubangidansa, amma idan manya sun taru sai ya sa tsumma ya fito a baƙauye, yana magana da harshen manoma. Da kansa yake rubuta wasannin. Masu gonaki na dariya, shi kuwa yana gaya musu irin yunwar da ake yi a ƙauyukansu.

"Sai suka kai wa manoman abinci?" na tambaya.

"Ban karanta wannan wurin ba," in ji Malam.

A jinga akwai ƙasa, akwai mutane, buhunan da za a cika ne babu. Alhaji Yunusa mai injin casar shinkafa yana da su jibge, ga mota. Kawu ya je ƙofarsa, maigadi ya ce ba ya nan. Ran nan kuma mu ne za mu yi wasa a walimar buɗe sabon sitonsa. Na ga abin da Ba'italiyen nan ya yi zan iya. Na ɗauki tsohuwar rigar Kawu da malfarsa ban gaya masa ba.

Bayan la'asar aka fara. Abokina Auta ya fito a attajiri, ya cusa matashin kai a cikin riga ya yi tumbi. Na shigo ina ɗingishi irin na Kawu, na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, kogi ya zo gaisuwa."

"To ka ba shi tabarma mana, baƙauye."

"Ya zo da tasa, ranka ya daɗe. A kan shinkafata zai shimfiɗa."

Wuri ya ɗauki dariya. Sai na bar Auta, na ja gwiwa zuwa gaban Alhaji Yunusa.

"Alhaji, buhuna muke roƙo. Jingarmu ba za ta kai magariba ba."

Dariya ta ƙaru. Na ce wallahi ba wasa nake ba. Wani mai babbar riga ya zame daga kujera yana riƙe da ciki.

"Kai, yaron nan ɗan banza ne!" in ji Alhaji, yana share hawaye. "Sake faɗa, don Allah sake faɗa."

Na sake faɗa, wannan karon da muryata. Aka ce ai baƙauye ya waye.

"A ba shi buhu!" in ji Alhaji.

Direbansa ya kawo buhu ɗaya, ya kifa mini a kan malfa. Aka yi tafi. Malam Abdulmannan ya ce bai taɓa ganin na yi wasa kamar na ran nan ba. Da aka watse na nemi Alhaji, aka ce ya tafi raka baƙi.

Na isa fadama da buhun a hannu. Jinga ta riga ta ɓalle. Kawu yana tsaye cikin ruwa har cinya, kansa a buɗe, yayyafi na dukansa. Ya dubi rigar, ya dubi malfar.

"Ashe kai ka ɗauka."

Na gaya masa abin da na je yi.

"Sun yi dariya?"

"Sun yi."

"To madalla. Kama mini akuyar can."

Garin kama akuyar na faɗi, ruwa ya tafi da malfar.

Abin da muka rasa: shinkafar Kawu gaba ɗaya, kadada ɗaya da rabi, ta fara ciki. Rumbu ɗaya. Awaki biyu na Inna Mairo, matar Kawu. Katangar gabas ta gidanmu. Da malfar.